Gashin da Ke Cikin Sarƙar Batulu

Ni na cire gashin daga cikin sarƙar na binne shi, ban shawarci kowa ba. Ɓarnar ke nan.

Sarƙar ta matata Batulu ce. Wata tsohuwar Baturiya, maƙwabciyarmu a unguwar Gorton ta Manchester, ita ta bar mata da za ta rasu, don shekara shida Batulu na kai mata abinci tana yanke mata farce. Zinariya ce, da ɗan gida a jiki kamar laya. Batulu ta ce sayarwa za ta yi ta kai mahaifiyarta Umra.

Ranar da ta fita aiki na sa bakin wuƙa na buɗe ɗan gidan. Gashin mutum! An kitse shi siriri, an naɗe a bayan gilashi. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san abin da ake yi da gashin mutum. Na yi a'uziyya, na tona rami a bayan gida.

Bayan sati uku, ran wata Asabar, muka je Birmingham, muka ɗauki 'yarmu Su'ad a unguwar Selly Oak, don ita ta san wani mai sayen tsofaffin gwala-gwalai. Mutumin ya manna madubi a ido, ya karanta rubutun baya, sai ga shi tsaye. Ya ce irin wadda gidan sarautar Turawa ke ba hadimai ce shekara ɗari da hamsin baya, in an yi rasuwa a sa gashin mamacin don tunawa. Fam dubu huɗu, in ji shi. Sannan ya buɗe, ya ga wayam.

Batulu ko kallonsa ba ta yi ba, ni ta juyo wa.

"Baban Su'ad, ina gashin?"

"Na raba ki da masifa."

"Baba, ba sammu ba ne fa," in ji Su'ad, "memory ne kawai, abin tunawa!"

"To su ajiye hoto mana, kamar mutane."

 Muna isa gida Manchester Batulu ta miƙo mini ludayi ta ce, "Bismilla, tona." Ruwan sati uku ya sauka a wurin. Awa biyu ina durƙushe, abin da na samo tsutsa ce da murfin kwalba.

Daga baya mutumin ya sayi sarƙar fam ɗari shida. Har gobe ina nan kan bakana, gashin matacce ba ya kwana a gidana. Amma surukata ta tafi Umra. Motar da nake dakon kaya da ita na sayar wa wani a unguwar Balsall Heath don in cika kuɗin, fam dubu uku da ɗari huɗu, yana ta mitar wai tayoyin sun suɗe.