Jan Fenti a Kan Noti

Mai Shuɗi ya riƙe masa hannun riga a bayan bas ɗin da aka jawo jiya, inda ba mai ganinsu.

"Baba, don girman Allah ka saurare ni."

"Sakar mini riga."

Ya saki rigar. Mutum ne mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar.

A garejin kamfanin bas ɗin nan kowane makanike da gwangwanin fentinsa. In ka ɗaure notin taya ka gama, sai ka ɗiga launinka a kai. Ran da taya ta fita ba a tambayar kowa, launi ake dubawa. Da haka sunayensu na gida suka ɓace, kowa ya koma launinsa. Shi wanda aka riƙe wa rigar, Mai Ja ake ce masa, shekara talatin da ɗaya ke nan yana aiki.

Jiya da safe tayar baya ta fice daga bas a kan gangara. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, wata mata ce ta karye a hannu. Da aka duba notin, duk ja ne.

"Fentina ne ya bushe, Baba," in ji Mai Shuɗi. "Shi ne dalili. Na ga naka a buɗe, ka fita cin abinci. Direba yana ta danna mini hon. Na ɗaura sama-sama, na ce zan bi da babbar sifana, sai aka kira ni ofis."

"Sai ka ɗiga ja."

"Wanda ya taɓa fentin wani kora ce, ka sani. Kai kuwa dakatarwa ce kawai, wata uku."

"Kawai," in ji Mai Ja.

Ba a taɓa miƙa masa takardar tuhuma ba. Saura masa shekara ɗaya ya ajiye aiki, kuma da sunan nan mai tsabta yake son ya koma gida.

"Ƙarfe huɗu kwamiti zai zauna. Ka faɗa da bakinka, ko in faɗa da nawa."

Mai Shuɗi ya sunkuyar da kai. "In ka faɗa zan musa, Baba. Ba don ba na jin kunyarka ba. Saboda yara ne."

Mai Ja bai ƙara kallonsa ba. Ya wanke hannu da fetur, ya bi da sabulu, ya fita. In magana ta zama tawa da taka, ana bukatar shaida, kuma mutum ɗaya ne manaja ba ya ƙetare maganarsa: tsohon shugaban makanikai, wanda ya koya wa Mai Ja riƙe sifana. Har yau Maigida yake ce masa.

A bakin ƙofa wani direba ya leƙo ta taga. "Baba Ja, in tafi, ko in jira tayar ta riga ni?"

Aka yi dariya. Ya wuce kamar ba da shi ake ba.

Ɗakin Maigida ƙarami ne. Gado, kujerar roba biyu, kwalaben magani a kan taga, sanda a jingine. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Matarsa, wadda duk gareji ke kira Mama, tana ba shi ruwa da cokali.

"Yau wace rana? Ja da kansa?" in ji ta. "Ai na ɗauka sai ranar jana'iza."

Ya durƙusa ya gaida su. Bai iya dogon zance ba, ya zuba abin da ya kawo shi. Takarda yake so. Mama ta rubuta, Maigida ya dangwala yatsa, a ce mutumin nan bai taɓa barin noti a kwance ba.

"Shi wancan fa?" Mama ta tambaya.

"Ya girbi abin da ya shuka. Ni ban ci zalin kowa ba, ba zan yarda a ci nawa ba. Kowa a garejin nan ya taɓa sakaci. Ko Maigida, da girmansa, an taɓa samun farin fentinsa a tayar da ta fita. Ni kaɗai ne ban taɓa ba."

Mama ta ajiye cokalin.

Maigida ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya yi ƙoƙarin cewa wani abu. Bakin bai ba shi haɗin kai ba.

"A'a, malam, yau kam sai na faɗa. Shekara ashirin da tara ina haɗiyewa." Ta juyo. "Ja, wace shekara matarka ta haifi tagwaye?"

"Shekarata ta biyu a aiki."

"Kana barci a lokacin?"

"Ina fa barci."

"To, a watan nan tayar ta fita. Mutumin nan ne ya fara isa wurin da motar jan motoci. Ya duba noti, ya ga launinka. Ya goge da fetur, ya ɗiga nasa. Ya dawo gida da jan fenti a farcensa, ni na kankare masa."

Mai Ja ya dubi gadon. Maigida ya rufe ido.

"Wata shida yana zaune a gida. Suka sauke shi daga shugabanci, sai da ya yi shekara huɗu kafin su mai da shi. Na sayar da keken ɗinkina. A coci mata suna ja da baya in na zauna, wai matar wanda ya kusa kashe mutane. Kai kuma ka zo mana jaje, har kana ba shi shawara ya riƙa kula."

Ya tuna. Mai Ja ya tuna har rigar da ya sa ranar. Ya tuna sau nawa ya tsaya a gareji yana ba sababbin ma'aikata labarin farin fenti, don su ji tsoro.

"Me ya sa?" in ji shi.

Maigida ya buɗe ido. Kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar.

"Da... an kore ka. Sabo ne kai."

"Ai laifina ne."

"Shi ya sa."

Mama ta ja tsaki, amma ta gyara masa matashi. "Haka ya ce mini. Na ce ai kai ba Almasihu ba ne da za ka ɗauki laifin duniya. Ya ce shi ma ya sani, amma an ɗaukar masa wanda ya fi wannan nauyi, ba a kuma tambaye shi ko ya cancanta ba. Na ce goge fentin fa, ba ƙarya ba ce? Ya ce ƙarya ce, ya roƙi gafara a kanta. Na yi shekara ba na amsa gaisuwarka da zuciya ɗaya, Ja. Daga baya na ga tagwayen nan sun girma, ɗaya har tana yi masa allura a asibiti. Sai na bari."

Mai Ja ya zauna a ƙasa, bai san ya zauna ba. Tun yana saurayi yake jin wa'azin gicciye, yadda marar laifi ya tsaya a wurin mai laifi, aka zage shi bai rama ba. Yana cewa amin da ƙarfi. A ransa kuwa ya ɗauka zancen mashaya ne da ɓarayi, irin mutanen da ke bukatar a fanshe su. Shi ai hannunsa tsaf yake.

Ya kama hannun Maigida, wanda ya shanye, ya riƙe da nasa biyu. Hannun ba nauyi, kamar na jariri.

"Na gode," ya ce. "Maigida, na gode. Mama, na gode."

"Tashi, kana ɓata wando. In rubuta takardar?"

"Bar ta."

Ƙarfe uku ya shiga gareji. Mai Shuɗi yana zaune a kan tsohuwar taya, bai taɓa abincinsa ba. Ya miƙe.

"Motoci nawa ka taɓa wa taya a makon nan?"

"Bakwai, Baba."

"Nawa ke ciki yanzu?"

"Huɗu."

"Ɗauko babbar sifana. Sauran ukun, ka gaya wa mai gadi ya tsayar da su da sun shigo."

Suka bi motocin noti bayan noti. Mai Shuɗi yana ja, Mai Ja yana tsaye a kansa yana sauraron ƙarar ƙarfe. A mota ta uku suka sami biyu a kwance. Mai Shuɗi ya dube shi, gumi yana zuba.

"Ɗaure. Gobe za ka je asibiti ka gaida matar da ta karye. Ba don na ce ba."

"Zan je. Baba, me za ka faɗa musu?"

"Za su tambayi fentin wane ne, in ce nawa. Za su tambayi wa ya bar gwangwani a buɗe, in ce ni. Ba zan yi ƙarya ba. In suka tambayi abin da ya wuce haka, bakina nawa ne."

"Za su ɗauka kai ne."

"Za su ɗauka."

Mai Shuɗi ya saki sifana, ya nemi durƙusawa. Mai Ja ya riƙe masa kafaɗa.

"Kada ka soma. Ana kallonmu."

"Da me zan gode maka?"

"Akwai wani tsoho da ba ya iya tashi. Ranar Lahadi bayan sujada zan kai ka, ka taya ni juya shi a gado."

Sakatare ya leƙo daga ofis ya kira launinsa. Mai Ja ya goge hannu a tsumma, ya ɓalle maɓallin wuyansa na sama da ya shaƙe shi tun safe, ya haye matakala.