Ranar da Aka Nuna Majigi a Whiteriver

Elvira Dosela ba ta yi niyyar zuwa ba. Jikarta Marlinda, wadda ke koyarwa a makarantar Whiteriver, garinsu na ƙabilar Apache, ita ta matsa mata tun ranar Laraba. An aro kaset ɗin wani tsohon fim na kaboyi da aka ɗauka a bayan duwatsunsu shekara arba'in da suka wuce, kuma malamai na son dattawa su kalla tare da matasa, a yanke shawara ko ya dace a riƙa nuna wa ɗalibai.

"Kaka, ke fa kina nan aka yi shi. Idan ba ku zo ba, wa zai gaya mana gaskiya?"

"Ni me na sani? Ina gida ina dakan masara suka yi abinsu."

"To ki zo ki ci soyayyen burodi kyauta. Na san wannan ba za ki ƙi ba."

"Ji mara kunya. Uwarki ma ba ta yi mini wannan bakin ba."

Abin da Elvira ba ta faɗa ba shi ne, ƙaninta yana cikin fim ɗin. Yana da shekara goma sha tara lokacin da Turawa masu ɗaukar fim suka zo da manyan motoci suna neman samarin Apache da suka iya doki. Ya tafi da murna. Ita kuwa ta tsaya a bakin bukka ta gaya masa magana mai zafi: kakansu ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɓuya a kogo saboda sojojin Turawan nan, shi kuma zai je ya riƙa faɗowa daga doki a gabansu don a ba shi na kashewa. Da ya dawo bayan mako uku ba ta kula shi ba. Tana zuba masa abinci ta tura masa, ba ta kallon fuskarsa. Wata biyu suna haka, gobarar daji ta tashi, aka ɗebi samari kashe wuta, itace ya faɗo masa, ya rasu. Tun daga ranar sunansa bai sake fitowa daga bakinta ba, kamar yadda al'adarsu take game da wanda ya tafi lahira. Fim ɗin ma ba ta taɓa gani ba.

Ranar Asabar da azahar Marlinda ta ɗauke ta a a-kori-kura. Zauren taro ya cika, an rufe tagogi da barguna saboda haske. Tsofaffin mata sun jeru a gaba cikin dogayen rigunansu masu faɗi, matasa sun jingina da bango a baya, yara sun baje a ƙasa. Elvira ta zauna kusa da Amos Kessay, tsohon direban motar katako, abokin ƙanin nata tun suna yara. Shi ma ya hau doki a fim ɗin.

"Yaya Elvira, yau za ki ga yadda na mutu sau uku a yini ɗaya," in ji shi.

"Ai ga shi ba ka ji komai ba, har da tumbi."

Aka kashe fitila. Da farko dariya aka yi ta yi. Wanda aka sa ya zama sarkin yaƙin Apache Bature ne da aka shafe da jan fenti, idanunsa shuɗaye tar, gashin kansa kamar jelar doki.

"Wannan ɗan gidan wa ne?" wata tsohuwa ta tambaya daga gefe. "Ban san danginsa ba."

"Daga wajen uwarsa ne," wani ya amsa daga baya, zauren ya ɗauka.

Amma da aka ci gaba dariyar ta ragu. Mutanensu a fim ɗin ba su da gida, ba su da mata, ba sa cin abinci, ba sa hira. Sai dai su ɓullo a kan tudu suna kururuwa, su ƙona keken doki, a harbe su su zube. Elvira na ta duba fuskoki, ƙura ta hana ta gane kowa. Har ta fara jin sauƙi a ranta, tana cewa watakila ba za a nuno shi ba.

Sai aka zo inda sojoji suka kama wani saurayi suka kawo shi gaban hafsansu, hannuwansa a ɗaure. Fuskarsa ta cika allon. Ga tabon nan a haɓarsa, na ranar da ya faɗo daga itace tana renonsa. Ya murtuke fuska, ya zare wa hafsan ido, ya yi magana da harshensu, da muryar da ta yi shekara arba'in ba ta ji ba.

"Takalman nan da kuka ba ni sun matse ni. Yayata ta fi ku iya ɗinki, sai dai fushi take yi da ni."

Tafintan cikin fim ɗin ya juya ga hafsan ya ce da Turanci, "Ya ce kafin rana ta faɗi zai sha jininku."

Duk wanda ke jin harshen ya fashe da dariya, har da masu buga cinya. Matasan da ba su ji ba suna ta tambaya me ya ce, ana fassara musu, dariyar ta sake zagayowa. Elvira ba ta motsa ba. Ta damƙe bakin mayafinta da hannu biyu. Bayan ɗan lokaci aka nuna saurayin ya kwance ɗaurin ya ruga, aka harbe shi a baya, ya faɗi rubda ciki a cikin yashi. Can kuma da ƙahon sojoji ya yi kuka, dawakansu suka kwararo daga tudu, yaran da ke zaune a ƙasa suka hau tafi. Cikinsu har da 'yar Marlinda, mai shekara shida, tana tsalle tana cewa a kama mugayen.

Da aka kunna fitila Elvira ta juya ga Amos.

"Kana wurin ya faɗi wannan?"

"Ina tsaye bayan mai ɗaukar hoto. Cewa suka yi ya faɗi duk abin da ya ga dama, in dai da fushi ne." Ya sunkuyar da kai yana juya hularsa. "Na so in gaya miki, Yaya. To kafin in samu fuska abin ya faru, kuma kin san ba a tayar da maganar wanda ya tafi. Daga baya na ɗauka wani ya gaya miki."

"Ba wanda ya gaya mini."

Aka jera kujeru aka fara magana. Wani saurayi mai suna Tyrell, wanda ya dawo daga jami'a, ya ce shi a ganinsa a ƙona kaset ɗin. Ya ce tun yana yaro idan ana wasan kaboyi ba wanda ke yarda ya zama Apache, kuma irin wannan fim ne ya jawo. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce a'a, a nuna wa yara, amma a riƙa tsayarwa ana yi musu bayani, don ko an ɓoye a nan za su gani a talabijin. Tsohuwar da ta tambayi dangin Baturen ta ce ita dai ta ga duwatsun kafin a sare itatuwansu, kuma ta ga mutum huɗu da ta sani, duk sun tafi, ba ta san ko daidai ne a riƙa taso su a bango ba.

Amos ya miƙe da ƙyar. "Ku yaran nan kuna ganin kamar ba mu da hankali ne. Mun san ƙarya suke yi. A shekarar ba aiki, ba ruwa, shanu na mutuwa. Mun hau dawakai, mun zage su da harshenmu suna tafa mana. Abin da muka iya ke nan."

"Kawu, ba ku nake zargi ba," in ji Tyrell. "Amma zagin naku mu kaɗai muka ji. Duniya abin da tafinta ya faɗa ta ji."

Amos ya koma ya zauna.

Marlinda ta dubi kakarta. "Kaka, ba ki ce komai ba."

Elvira ta daɗe tana kallon yaran, waɗanda suka koma bakin ƙofa suna harbin juna da yatsa.

"Yarinyarki ta yi tafi," ta ce. "Lokacin da ta yi tafin, ɗan'uwan kakar uwarta ne kwance a yashi. Ba ta sani ba, ba laifinta ba ne. Ni dai kada a sake nuna musu."

Sai a lokacin Marlinda ta gane. Ta rufe bakinta da hannu. Waɗanda suka fi kowa dariya ɗazu suka rasa inda za su sa idonsu. Da aka ce masu son a mayar da kaset ɗin inda aka aro shi su ɗaga hannu, Elvira ce ta fara ɗagawa, kuma hannayen sun fi rabi.

A hanyar gida Marlinda ta tuƙa a hankali, kaset ɗin na kan kujera a tsakaninsu, yarinyar ta yi barci a cinyar Elvira.

"Kaka, sai Litinin zan mayar. Akwai wanda zai iya kwafe miki wurin nan kaɗai, inda yake magana. Ba sai an sa sauran ba."

Elvira ta kalli taga. Sun wuce gadar kogi, sun wuce masana'antar katako.

"Ashe yaro ne ƙarami," ta ce daga baya. "Ni a raina babban mutum nake ganinsa, wanda ya isa ya san abin da yake yi. Ko gemu bai fara ba."

"In sa a kwafe?"

"A'a. Na ji abin da ya ce. In na ajiye shi a gida kullum sai na kunna, kuma na san abin da ke biyo baya ko an yanke."

Ranar Litinin Marlinda ta kai kaset ɗin gidan waya. Elvira ta yi kwana huɗu ba ta fita ko ƙofar gida ba, abinci ma sai an matsa mata. Ranar Juma'a da safe ta aika a kira mata Amos. Ta dafa kofi, suka zauna a inuwar rumfa, ta ce ya ba ta labarin makonni ukun nan tun daga ranar da motocin suka tashi, kada ya tsallake komai, har abin da suka ci da inda suka kwana. Amos ya ajiye hularsa a gwiwa ya fara, yana cewa "abokina" duk inda sunan ya kamata ya fito.