Bututun da Ya Bi ta Kabarin Dogara

Wari ne ya fara zuwa. Tamar ta ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan buhunan masara, ta fitar da kayan ɗaki kaf, ta share, ta wanke. Ɓera babu, wari yana nan daram. Sai ranar Asabar da ta durƙusa tana goge kabarin mijinta kamar yadda ta saba, ta ga wani baƙin ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin tayil. Ta dangwala da yatsa ta kai hanci.

"Yesu!" ta ce, ta zauna daɓas a ƙasa. Ruwan bayan gida ne.

A wajenmu nan Kafanchan ba a kai dattijo daji a bar shi cikin ciyawa. A gidansa ake kwantar da shi, inda zai riƙa jin muryar jikokinsa. To, gidan Dogara, mijin Tamar, ba wani fili ne da shi ba, don duk inda aka samu taƙi ya riga ya kafa ɗakin haya. Wurin da ya rage shi ne lungun da ke tsakanin bangon ɗaki da katanga, nan aka sa shi, aka malale siminti daga bango zuwa bango, aka manna farin tayil da gicciye. Kowa ya gani sai ya ce kabari ya yi kyau.

Shi Dogara ma'aikacin reluwe ne. Da ya yi ritaya aka ba shi ɗan abin sallamarsa, bai sayi babur ba, bai ƙara gona ba, sai ya ce shi fa ya gama tsuguno a bakin rami. Ya sa aka yi masa bayan gida na zamani, ya cike tsohuwar salga da hannunsa, ya dasa gwanda a kai. Baƙo bai isa ya sha ruwa a gidan ba sai an kai shi ya ga yadda ake danna abu ruwa ya tafi da komai. Mutum ne mai tsananin tsabta, ko singiletinsa sai an goge. Wannan mutumin ne yanzu yake kwance ƙazantar gidansa tana zuba a kansa, kuma abin da ya hana Tamar cin abinci ke nan.

Ta aika aka kira Yunusa mai gyaran famfo, wani Bafulatani ɗan wajen Kagarko da ke da ɗan shago a bakin kasuwa. Shi ya yi wa Dogara aikin tun farko. Ya zo ya cire takalmi a bakin kabarin, ya ƙwanƙwasa tayil, ya leƙa bayan ɗaki, ya yi ta girgiza kai.

"Mama, ni na shimfiɗa fayif ɗin nan da hannuna. Daga bayi ya fito, ya bi ta lungun nan, ya faɗa sokawe, ramin da ƙazantar ke taruwa. Wa ya ce a haƙa kabari a nan?"

"Ina kuma za a sa shi, Malam Yunusa? A kan titi?"

"To, ya fashe a ƙarƙashi, daidai wajen kai. Hanya biyu ce. Ko a fasa gefen kabarin in yanke inda ya lalace in sa sabo. Guntun fayif, gam, buhun siminti, har da kuɗin hannuna, ba zai wuce dubu talatin ba. Ko kuma a ƙyale kabari, a haƙa sabuwar sokawe ta ƙofar gida, a juya fayif can. Wajen nan kuwa dutse ne. Ga bulo, ga rodi, ga yashi, ga leburori. Ki riƙe dubu ɗari shida, wannan ma kuɗin yau na faɗa miki, na gobe ban sani ba."

Tamar ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Dubu ɗari shida! Cittar da take dogaro da ita ta ruɓe a gona bara, ko irin da ta shuka ba ta mayar ba.

Ta buga wa ɗanta Asher, wanda ke tuƙa keke mai ƙafa uku na haya a Sabon Tasha can Kaduna. Da ta faɗa masa sai ya fara kame-kame, irin wanda uwa ta san ma'anarsa.

"Asher, ka san wani abu."

"Mama, ranar da samari ke haƙa, digarsu ta taɓa fayif ɗin. Motar gawa ta riga ta taso daga asibiti, ga mutane cike da gida. Sai na ba su robar tayar babur suka ɗaure. Na ce bayan biso zan gyara."

"Ka ɗaure wa ubanka kashi a ka da roba?"

"Mama, kar ki faɗa haka mana. In na samu zan turo."

Bai turo ba. Ba wai mugunta ba ce, shi ma keken ba nasa ba ne, kuma yaransa na gida an koro su daga makaranta.

Sai ta ɗaura zani ta tafi wurin Zamani, yayan Dogara, babban gidansu kuma dattijon ikilisiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zayyana masa komai, ta roƙi izinin a fasa gefen kabarin kawai.

"Matarmu," in ji shi, "kin ji abin da bakinki ke faɗa kuwa? A gidanmu ba a taɓa buɗe kabari ba, ba kuma za a fara a kan ƙanena ba. Wanda aka rufe an rufe shi sai ranar tashin matattu."

"Baba, ruwan bayi ne ke shiga masa."

"Na ji. Ki bari dangi su taru lokacin Kirsimeti mu zauna a kai."

"Yanzu fa damina ke faɗuwa, Baba."

"Sai ki yi ta addu'a."

Dangi! Waɗannan dangin ne fa suka yanka sa a wurin biso, suka ɗinka anko kala biyu, suka ɗauko masu kiɗa tun daga Kaduna, aka yi ta liƙi har ƙasa ta rufe da kuɗi. A ranar kowa ɗan'uwan Dogara ne na jini. Yanzu da ake maganar fayif, wannan wayarsa a kashe, wancan matarsa ta haihu, waccan ta ce ai ita ba ta san ana amfani da irin wannan bayi a gidan ba. Tir da irin wannan zumunci.

Tamar ta sayi kwaɗo ta garƙame bayan gidan. 'Yan hayarta, ɗalibai mata biyu da wani malamin firamare, suka yi haƙurin 'yan kwanaki suna zagayawa maƙwabta, daga nan suka kwashe kayansu. Ba ta ga laifinsu ba, wa zai biya haya a gidan da babu wurin kama ruwa? Ita kanta, da furfurarta, sai ta bi ta bayan katanga ta roƙi matar maƙwabci mabuɗin salga. Duk ta shanye wannan, tana ganin ai ko ba komai ta tsayar da abin da ke zuba a kan mijinta.

Ashe ba ta tsayar da komai ba. Da ruwa ya kankama, irin ruwan nan namu da ke wuni yana zuba, sai sokawe ta cika ta riƙa dawo da abin da ke cikinta ta cikin fasasshen fayif. Tayil ya tsage daga kai zuwa ƙafa. Gicciye ya karkace. Ƙudaje suka mai da lungun gidansu.

Yunusa ya ce a gwada kiran motar kwasar bayan gida, ko za a samu sauƙi. Dubu sittin suka ce, ba ragi, wai man dizal ya yi tsada. Tamar ta ja uwar aladenta guda ɗaya tilo zuwa kasuwar aladu, ta sayar da ita da ciki a jikinta, ta biya. Mota ta zo ta zuƙe, unguwa ta toshe hanci, aka ce an huta. Wata bai mutu ba sokawe ta sake cika da ruwan sama, baƙin ruwan ya dawo ya ma fi na da.

Daga nan ta daina neman izinin kowa. Ta sami Wilfred, wani mai gyaran famfo ɗan cocinsu, ta ce ya zo ya fasa. Ya ce, "Mama, ki rufa mini asiri. Baba Zamani ya ce duk wanda ya taɓa kabarin nan ba zai ga ƙarshen shekara ba. Ina da ƙananan yara." Ta wuce shagon Yunusa, ta tsaya a kansa yana yankan fayif.

"Malam Yunusa, ka yi wa Allah. Kai ba ruwanka da al'adarmu. Zo ka fasa."

Ya ajiye zarto ya dube ta, idonsa ya yi ja. "Mama, Baba Dogara ya riƙe ni kamar ɗansa. Amma ki duba garin da muke. A ga Yunusa da diga a kan kabarin Kirista yana farfasa gicciye? Wani yaro ya ɗauka a waya, kafin la'asar an fara ƙone-ƙone, babu wanda zai tsaya tambayar fayif. Ba ni kaɗai zan mutu ba."

Ta san gaskiya ya faɗa, ta juya za ta tafi.

"In dai wani ya buɗe," ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "zan shigo da fayif a hannu, ba diga, ba guduma. In gyara in fita."

"Ranar Lahadi ka zo," in ji ta, "in an shiga sujada a coci."

Ranar Lahadi ta ce wa matan zumuntar coci kanta na ciwo. Da unguwa ta yi tsit, waƙa ta fara tasowa daga coci, ta ɗauko tsohuwar digar gona. Ta tsaya a wajen kan kabarin ta ce, "Baban Asher, ka gafarce ni, ba raini ba ne." Ta ɗaga ta sauke. Tayil ya tarwatse. Ta sake, ta sake, kafaɗunta na ƙara, numfashinta na sarƙewa. Tana tsammanin za ta wuni tana fama da siminti, sai kawai ya burma gaba ɗaya ya rufta ciki, har ta kusa bin sa. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta daɗe da zaizayewa, simintin a kan iska yake zaune.

Ta leƙa. Wayyo Allah. Rami ne cike da baƙin ruwa mai kauri. Katakon akwatin ya rabu yana yawo a sama, da wani tsumma da a da farin leshi ne, da takalmi ƙafa ɗaya, baƙi, wanda ita da kanta ta goge ta sa masa. Duk watannin nan da take ta roƙo, tana sayar da abin hannunta don ta tsare shi, ashe babu sauran abin tsarewa. Ba ta yi ihu ba.

Yunusa ya shigo da guntun fayif da bai fi tsawon hannu ba. Ya ga abin da ta gani, ya yi salati, ya kau da kai. Ga fasasshen wurin nan a fili a gefen ramin, da ruɓaɓɓiyar roba tana reto. Ya yanke, ya shafa gam, ya zura sabo, ya danna. Ko fasto bai kai ga wa'azi ba aiki ya ƙare.

"Shi ke nan?" in ji Tamar.

"Shi ke nan, Mama. Ba zai ƙara zuba ba."

"Na cikin fa? In na samo kuɗi motar nan za ta zuƙe shi?"

Ya girgiza kai. "Injin nan ba ya zaɓe, Mama. Duk abin da ke ciki zai tafi da shi, a juye a bayan gari."

Ta kwance bakin zani ta ba shi kuɗin kayansa. Ya karɓa yana sunkuyar da kai, ya tattara zartonsa ya fita da sauri, tun kafin a tashi daga coci.

Tamar ta shiga kicin ta ɗauko kwano da bokiti. Ta kwanta rub-da-ciki a bakin ramin tana kwalfa a hankali, tana tace kowane kwano da yatsunta kafin ta juye, kada wani abu nasa ya bi ruwan. Da hannunta ya daina kaiwa sai ta tattare zani ta zura ƙafafu ta shiga.

A haka Zamani ya same ta, da Littafi Mai Tsarki a hammata, mutanen coci na biye da shi, don labari ya riga ya kai. Ya shigo da faɗa a bakinsa, yana ɗaga sanda. Warin ya tare shi a bakin lungu, ya ciro hankici ya toshe hanci.

"Matarmu! Me kika aikata?"

Ta ɗago daga cikin ramin, ruwan ya kai mata ƙugu. Ta miƙa masa bokitin da ya cika.

"Baba, ga ƙanenka. Karɓi ka zubar mini."

Zamani ya dubi bokitin, ya dubi farar rigarsa, ya ja da baya. Na bayansa ma suka ja. Tamar ta riƙe bokitin a sama, babu wanda ya karɓa, sannan ta dire shi da kanta a bakin ramin, ta sunkuya ta ci gaba da kwalfa. Ƙasar ta riga ta ƙoshi da ruwan, duk kwanon da ta ɗebe sai wani ya tsattsafo ta gefe ya cike gurbinsa.