Ranar Jarrabawar Hadijatu

"Ƙara hurawa, Maman Michael. Da ƙarfi."

Catherine ta cika ƙirjinta da iska, ta kafa baki a ma'aunin numfashin, ta hura. Hadijatu ta karɓa ta duba inda ɗan tsinken ya tsaya. Ɗari da tamanin. Sau uku ke nan, ko sau ɗaya bai kai ɗari biyu ba.

Shekara tara suna haya a gida ɗaya a Masaka, ƙofa na kallon ƙofa. Catherine tela ce 'yar Kagoro, mijinta ya rasu, ɗanta Michael yana karatu a Jos. Tun da asma ta kwantar da ita bara, likita ya ba ta ma'aunin da wata takarda mai launi uku. Idonta ba ya ganin ƙananan lambobi, don haka kullum da safe Hadijatu ke leƙowa ta karanta mata kafin ta tafi ofis.

Takardar na manne a bango, saman keken ɗinki. Kore, lafiya lau. Rawaya, a ƙara shaƙar magani. Ƙasa da ɗari biyu kuwa ja ne: a shaƙa, a tafi asibiti nan take.

"Yau kin shiga ja. Ɗauko gyalenki in sauke ki."

"Haba Hajiya, wannan abu yana ƙarya wani lokaci." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta nuna tarin atamfa a kan gado. "Ankon zumuntar mata ne, jibi za mu sa a coci. Saura riga huɗu. In na gama zan je."

Hadijatu ta dubi agogo. Ƙarfe tara za ta zauna jarrabawar ƙarin girma, wadda ta yi shekara uku tana jira, ga cunkoson Nyanya a gabanta. In ta bi ta asibiti, ta rasa ta. Ta tsaya har Catherine ta shaƙi maganin sau huɗu, ta ji kukan ƙirjin ya ɗan lafa.

"Kin yi alkawari za ki je?"

"Na yi. Je ki ci jarrabawa, Allah ya ba da sa'a."

A ƙofar ɗakin jarrabawa aka karɓe wayoyi. Da ta kunna tata ƙarfe biyu, saƙon Iyatu matar mai gidan haya ne ya fara shigowa: ki kira ni.

Da hantsi abin ya taso, in ji Iyatu. Catherine ta fito tana dafa bango, leɓɓanta sun yi duhu, magana ta gagara. Sun samu tasi, amma a Mararaba hanya ta cushe. A cinyar Iyatu ta cika.

"Da safe lafiya kika bar ta, ko?"

Hadijatu ta sauke wayar daga kunne, ta kama hanyar gida.

Da la'asar tsakar gida ta cika da matan coci, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ba ta iya zama ba. Yayyafi ya fara, ta zaga baya kwashe shanyarta, sai ta tarar da zannuwan Catherine biyu a kan igiyar, sun bushe. Ta sauke su ta ninke. Ta daɗe tsaye a ƙarƙashin indararo, tana rungume da su.