Rikodar da Aka Kulle wa Sufeto

Har yau in na tuna Malam Ɗantala, hedimastanmu, sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Allah ya sani ban yafe ba.

A shekarar 1976, da aka buɗe karatun firamare kyauta, aka turo ni wani ƙauye gabas da Sule Tankarkar. Aji ɗaya aka ba ni, yara arba'in da bakwai, allo ɗaya. Sai kuma rikoda mai kaset da ofishin ilmi ya aiko mana daga Gumel.

Cikin yaran akwai Asama'u, 'yar Kawu Sajo, Bafillacen da ya sauka da shanunsa bayan gari. Ranar da ya kawo ta ya ce mini, "Malam, na ba ka ita zuwa ƙarshen kaka. In ta iya karatu, ta zauna wurin goggonta a nan. In ba ta iya ba, da ita za mu tashi."

To, yarinyar nan ba ta magana gaban babba. Ka tambaye ta sunanta, sai ta sunkuyar da kai tana tonon ƙasa da yatsa. Sati uku ina fama. Wata rana na ajiye mata rikodar a bayan aji, na ce ta kira shanunsu kamar tana daji, na ba ta baya. Da na kunna, sai ga murya tar: "Saye! Wule! Ɓale!" Aji ya kwashe da dariya, har ita. Na rubuta sunayen a allo, daga nan ta kama baƙaƙe. Akwati ba mutum ba ne, ba ta jin kunyarsa. Kafin a yanke gero ta karanta shafi guda cur cikin kaset. Na ce shi ke nan, shi zan kunna wa ubanta.

Sai Ɗantala ya ji wai sufeton makarantu zai zo. Ya shigo ajina yana huci.

"Kayan gwamnati kake bai wa yara suna lalubewa? Baƙo ya zo ya tarar da shi da dauɗa?"

Ya goge rikodar da hannun rigarsa, ya mayar da ita kwalinta har da kaset ɗin a ciki, ya sa a kabad, ya danna kwaɗo. Na roƙe shi, na yi masa bayani. Ya ce bayan sufeto. Kai ka ji! Sai ka ce tasoshin jere.

Ranar Alhamis da hantsi Kawu Sajo ya iso, sanda a kafaɗa, shanu sun riga sun yi gaba. Ɗantala kuwa ya tafi kasuwar Maigatari da mabuɗi a aljihu. Na miƙa wa Asama'u littafi. 'Yar fari ce, ko sunanta uban ba ya kira, ina za ta buɗe baki a gabansa? Ta riƙe littafin, hawaye na ɗiga a kan shafin da ta iya sarai.

Na ce, "Kawu, wallahi ta iya. Muryarta na cikin kabad ɗin can."

Ya dube ni, ya dubi kabad. "A cikin can? To, Malam, mun gode."

Na ɗauki dutse zan fasa kwaɗon. Na tuna aikina, na ajiye. Wannan ma ban yafe wa kaina ba. A ranar ya tashi da 'yarsa.

Sufeto bai zo ba sai bayan wata biyu. Ɗantala ya fito da rikoda tana sheƙi, ya ɗora a tebur, yana ta washe baki. Sufeto ya yaba da adanawa, ya danna maɓalli. Muryar Asama'u ta cika ajin, tana karatu dalla-dalla, ba gargada.

"Madalla!" in ji sufeto. "Irin wannan muke nema. Wace ce? Ta miƙe mu gan ta."

Yara suka juya suna kallon gurbinta a kan tabarma. Ɗantala ya ce, "Ai ranka ya daɗe, ka san Fulani, ba sa son boko."

Na zare kaset ɗin na sa a aljihu. Na ce, "Ƙarya kake yi, Ɗantala. Uban da ƙafarsa ya zo don ya ji karatunta."