'Yar Inno

A shekarar da kansil, wato ƙaramar hukuma, ta rufe gidan renon yara na unguwarsu a Withington, cikin birnin Manchester, saboda gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, Saudatu da mijinta Rabe suka tuna cewa su Hausawa ne. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da tsayayyen lokacin tashi. Shi kuma yana fama da digirin da ya ƙi ƙarewa. 'Yarsu ta fari, Zinatu, ba ta isa shiga makaranta ba. Yayar Rabe, Inno, tana Birmingham, Allah bai ba ta haihuwa ba. Sai aka ba ta riƙon yarinyar, kamar yadda ake yi a gida. Rabe ya yi dogon jawabi a kan hikimar magabata. Gidan renon bai fito a jawabin ba.

Saudatu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. A gidansu a Kano uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta rungumarta a idon mutane. Ta bar abubuwa da yawa a baya da ta zo Ingila, amma wannan kunyar ta shigo da ita, ba wanda ya tare ta a filin jirgi. In maganar yarinyar ta taso, sai ta ce 'yar Inno.

Duk Asabar ɗin da ba ta aiki takan hau bas zuwa Birmingham da dambun naman da ta yi da hannunta. Ta zauna a falo ta tambayi lafiyar kowa, har da kyanwar maƙwabta, sannan can a ƙarshe ta ce, Yaya, ya 'yarki? Da wutsiyar ido ta ga yarinyar ta zubar da haƙora, ta fito da wasu, ta koyi Turanci ta hanci irin na mutanen garin. Zinatu ta san wadda ta haife ta, amma Inno take ce wa Mama, Saudatu kuwa Anti. A bas ɗin komawa ne kawai Saudatu ke faɗin sunan, a hankali, gilashin taga ya ji.

Shekaru suka shuɗe, tsuke bakin aljihun ya iso gidan Inno. Mijinta ma'aikacin kansil ne. Ya taimaka an rage ma'aikata da himma har aka zo kansa. Suka yanke shawarar komawa Kano, da Zinatu. Wanda aka ba riƙo ba ya neman izini, wanda ya bayar kuma ba ya cewa a dawo masa da abinsa. Rabe ya ce ai alheri ne, za ta koyi Hausa da tarbiyya, abin da kowane uba a ƙasar nan yake mafarki. Daga nan ya shiga banɗaki ya daɗe.

Ranar Asabar ta ƙarshe Saudatu ta tarar da gidan cike da kwalaye. A bakin ƙofa an tara kayan sanyin da za a kai shagon sadaka, tunda Kano ba ta da buƙatarsu. A saman tarin ga jar rigar sanyin Zinatu, wadda Saudatu ta saya bara ta ba Inno a ɓoye, ta ce a ce Inno ce ta saya.

Saudatu ta yaba ɗaurin kwalayen. Ta yi maganar tsadar jirgi. Inno ta tambaye ta ko ban kwana ta zo yi, ko duba aikin ɗauri, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Zinatu ta sauko daga bene. Da Turanci ta gaya wa Inno, kamar babu kowa a falon, cewa malamarsu ta tambaye ta ko tana son tafiyar, ƙawayenta ma sun tambaya, mutum ɗaya ce kawai ba ta tambaya ba. Sannan ta juyo, ta haɗo 'yar Hausarta.

"Anti, kin san sunana?"

"Ke, ba a yi wa uwa wannan tambayar," in ji Inno.

Yarinyar ta jira. Saudatu ta dubi kafet, ta dubi jar rigar. Zinatu ta kaɗa kafaɗa ta kama hawa bene, har ƙafafunta kawai ake gani.

"Zinatu."

Muryar Saudatu ta fito kamar ta mai tambayar hanya. Ƙafafun suka tsaya.

"Na'am."

Inno ta daɗe tana kallon matar ƙanenta.

"To, yau na ga rashin kunya," ta ce.

Ta taka zuwa bakin ƙofa, ta zare jar rigar daga cikin tarin, ta kakkaɓe ta, ta rataye a kan ƙusa. Ta ce an ce Manchester ta fi nan ruwan sama, kuma yarinyar ba ta son albasa a ƙwai, kada a tilasta mata.

Ta wuce kicin ta buɗe famfo. Babu kwano ko ɗaya da ya rage a gidan, duk an ɗaure su. Ruwan ya yi ta zuba, Saudatu tana tsaye tsakanin kwalaye tana saurare.