Tsutsa a Cibiyar Maraƙin Bappa

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai na gama sakandare a Kano, na dawo garinmu Nariya ina jiran takardar aiki. Ba ta zo ba. Ba na fita, ba na doguwar magana da kowa, har da Baba.

Babana, Malam Datti, shi ake kawo wa dabba idan ƙuda ya yi ƙwai a mikinta ya zama tsutsa. Daga Fammar ake zuwa, har daga Madachi. Kayan aikinsa ƙayar aduwa ce, da garin taba, da man shanu. Ni tun ina ƙarami ƙyamar abin nake yi, shi ma ya sani.

Wata safiya da damina, Bappa, Bafulatanin da ke rugar bayan gari, ya zo da maraƙi a kafaɗa. Kwanansa tara a duniya. Cibiyarsa ta kumbura, tana wari.

"Malam, uwar ta mutu wajen haihuwa, shi kaɗai ta bar mini," in ji Bappa. Ya hango ni a zaure. "Ɗan boko, zo ka riƙe ƙafa. Ba ya cizo."

Na riƙe. Bappa ya danne kan, yana yi wa maraƙin magana da Fulatanci. Baba ya barbaɗa garin taba a ramin, ya jira. Tsutsotsi suka fara leƙowa. Ya ciro shida da ƙaya, ya shafa wurin da yatsa.

"An gama," ya ce. "Miƙo man shanu."

Ba a gama ba. Ga uku nan farare suna motsi dab da yatsansa. In aka toshe a kansu, ciki za su ci, maraƙin ba zai kai Juma'a ba.

Na dubi Baba. Fuskarsa na kan mikin, amma idonsa ba ya kai. Sai na tuna ya daina buɗe Alƙur'aninsa da safe, da ka yake karatu. Na tuna ranar da ya gai da maƙwabcinmu Sharu da sunan wani. Wata uku ina gidan nan ban lura ba.

In na ce akwai saura a gaban Bappa, kafin la'asar an ji a Fammar cewa Malam Datti ba ya gani.

"Baba," na ce, "ka koya mini mana kafin ka rufe."

Bappa ya tuntsire da dariya. "Yau kuma? Akawun Gwamna zai taɓa tsutsa?"

Baba bai yi dariya ba. Ya juyo wajen muryata. Sannan ya miƙo ƙayar, ta ɗan kauce wa hannuna. Na kai hannun inda take.

"Kada ka soke ta, Habu. In ta fashe a ciki ruɓewa zai yi. Bi ta ƙarƙashinta ka ɗago."

Na bi yadda ya ce, na ciro ukun.

"Yanzu ɗaga fatar ta wajen ƙirji. Can ƙananan suke ɓuya."

Na ɗaga. Biyu ne a wurin. Da ni kaɗai ne, da ban gano su ba.

Shi ya shafa man da kansa, a hankali, har maraƙin ya daina shure-shure. Bappa ya saɓa shi, ya yi ta godiya, ya tafi.

Ina zuba wa Baba ruwa daga buta yana wanke hannu, sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Nawa na bari?"

"Biyar."

"Da na kashe wa bawan Allah maraƙi."

Na ci gaba da zuba ruwan, ko da yake hannun ya fita.

"Gobe za a kawo tunkiya daga Madachi," ya ce. "Wai bayanta ne."

"Ina nan."

"To ka yanko sabuwar ƙaya. Wannan ta dakushe."

Ba ta dakushe ba, tawa ta kaina yake so in yanko. Na ɗauki wuƙa na nufi gindin aduwa.